Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Hanyar Ruwan Ƙazanta a Sababbin Unguwannin Gobir

Sunan Sabon Birni shi kaɗai ya isa shaida a kan cewa kafa sabon mazauni ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Gobir. Bayan da Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a bakin gulbi, ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a shekarar 1808, Gobirawa sun daɗe suna neman matsuguni kafin su tabbata a Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga can kuma, a tsakiyar ƙarni na 19, wani reshe nasu ƙarƙashin Ɗan Halima ya gangaro yamma ya kafa garin da har yau ake ce da shi sabo, alhali kuwa ya haura shekara 150. Mutanen wancan zamani, idan za su kafa gari, sukan nemi tudun da ruwa ba ya hawa, su shata ganuwa, su yanke inda ƙofofi za su kasance, su ware filin masallaci da na kasuwa, sa'an nan su haƙi ƙasar gini a wurare sanannu, waɗanda daga baya suke zama kududdufai. Kududdufin nan da muke rainawa a yau, shi ne ma'ajiyar ruwan saman gari: indararo ya zubo a tsakar gida, rariya ta fitar zuwa lungu, lungu ya miƙa wa kududdufi, shi kuma ya riƙe ruwan har rana da ƙasa su shanye shi.

Yau ma ana kafa sababbin unguwanni a wannan yanki, sai dai ba da shiri irin na magabata ba, kuma ba don neman yalwa ba. Fitinar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Sakkwato da Zamfara ta tashi ƙauyuka masu yawa. Tun daga 2019 dubban mutane suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi, har gwamnatin Nijar da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, waɗanda ba su ƙetare ba kuwa suka taru a manyan garuruwa, inda ake kyautata zaton samun sauƙin tsaro. Gidan da aka gina domin mutum goma ya ɗauki talatin. Gonar bakin gari, wadda bara aka girbe gero a cikinta, bana an kafa mata turaku an yayyanka ta fuloti-fuloti. Mai saye yakan tambayi faɗin fili da tsawonsa, ya tambayi ko akwai rigimar gado a kansa, ya tambayi nisan burtsatse da na masallaci. Tambaya ɗaya ce ban cika jin ana yi ba, ko a Kurawa, ko a Isa, ko a Sabon Birni, ita ce kuwa: ruwan da ya shiga gidan nan da tsarkinsa, idan ya ƙazantu, ta ina zai fita, kuma a ina zai tsaya?

Kafin a amsa, wajibi ne mai karatu ya rarrabe tsakanin ruwa uku da ke fita daga kowane gida, domin gamin gambizarsu shi ne asalin yawancin ɓarnar da muke gani. Akwai ruwan sama, wanda yake zuwa da yawa cikin 'yan watanni, musamman a markar Agusta, kuma ba shi da laifi sai na ƙarfi da yawa. Akwai ruwan wanka da wanki da wanke-wanke, mai ɗauke da sabulu da maiƙo da guntun tuwo, wanda ba shi da yawa a rana guda amma ba ya yankewa, rani da damina. Sa'an nan akwai na masai, wanda ya fi duka ƙaranci kuma ya fi duka sharri, domin a cikinsa ne ƙwayoyin kwalara da taifot da shan inna da ƙwan tsutsar ciki suke tafiya daga cikin mai ciwo zuwa bakin mai lafiya. Idan aka bar na biyu ya kwanta a lungu, ya zama mahaifar sauro da ƙuda. Idan aka bar na uku ya haɗu da na farko, to, ruwan sama ya zama abin hawansa, ya kai shi kowane gida da kowace rijiya.

Yawansa kuma ba abin wasa ba ne, ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a ƙasa da ɗan yatsa. Mu ƙaddara sabuwar unguwa mai gida 200, kowane gida da mutum 10, kowane mutum yana amfani da lita 20 a yini, wato ƙasa da jarka guda, wanda shi ne gwargwadon mafi ƙarancin abin da masana kiwon lafiya suke ganin ya wadatar. Jimla lita 40,000 ke nan. Injiniyoyi sukan ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yana fitowa a ƙazance, wato lita 32,000, kusan cikin tankar mai guda, kullum ta Allah. Ranar da aka kawo burtsatse mai aiki da hasken rana, jama'a suka huta da jan guga, wannan adadi zai ninka. Saboda haka duk wanda ya kawo wa unguwa ruwa bai tanadar masa mafita ba, rabin aiki ya yi.

Ƙasar da ruwan zai zuba a kanta kuwa iri biyu ce a wannan yanki, kuma kowace da halinta. A tudu yashi ne, mai shan ruwa da gaggawa, abin da mai gida yake murna da shi domin masansa ba ya saurin cika. Amma saurin nan shi ne hatsarin, domin ƙasa tana tace ƙazanta ne idan ruwa ya ratsa ta sannu a hankali, idan kuwa ya wuce da gudu, sai ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa da abin da ya ɗauko. A fadama laka ce, mai riƙe ruwa, kuma idon ruwa yana kusa ƙwarai, kamar yadda duk mai noman albasa da rani ya sani, tun da ba ya yin nisa da haƙa yake samun abin ban ruwa. A nan ramin masai yakan cika da ruwa da damina, ya tumbatsa. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji da na tsabtar muhalli suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa idan ya taso. To, a nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, bai wuce mita 15 da mita 30 ba, kuma sau da yawa akan raba shi biyu saboda tsada. Ashe ke nan da wuya mutum ɗaya, komai taƙawarsa da iliminsa, ya cika wannan sharaɗi a cikin gidansa, balle ya san abin da maƙwabcinsa ya haƙa a bayan katanga. Abin da ya gagari gida ɗaya, tsarin unguwa ne kaɗai yake iya warware shi: a yanke tun farko cewa masai na kowane layi za su jeru ta baya, rijiya ko burtsatse kuma a kai su can sama da gangare, a keɓe musu hurumi.

Mu da muka tashi a hannun malamai bai kamata wannan magana ta zame mana sabuwa ba. Almajiri bai fara Ahalari ko Ishmawi ba, balle Risala da Muhtasar, sai ya tarar da babin tsarki a kusa da ƙofa, a karantar da shi cewa ruwan da najasa ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai halatta a yi ibada da shi ba. Ya kuma ji hanin da ya zo a hadisi game da biyan bukata a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa. Malaman mazhabar Malikiyya ba su tsaya a kan alwala ba, sun shiga har cikin hukuncin gini. Wani magini masani na birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14 kuma alƙalai suke aikensa duba rigingimun maƙwabta, ya tattara littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gine-gine, a ciki har da mas'alolin magudanai da ramukan masai da wanda nauyin yasarsu ya hau kansa. Kuma fuƙaha'u sun bambanta ruwan sama, wanda aka yi rangwame ya bi hanya, da ruwan ƙazanta, wanda ba a yarda mutum ya cutar da jama'a da shi ba. Abin da ilimin zamani ya ƙara mana shi ne cewa ruwa yana iya zama garau, babu launi babu wari, ya inganta a yi alwala da shi a zahirin hukunci, amma yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda cikin dare ɗaya.

Na taɓa zama a zauren wani mai unguwa ana sulhunta maƙwabta biyu, kuma har yau maganarsu ba ta bar kunnena ba. Ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, rariyar Malam ta cinye mini gindin katanga, iyalina ba su iya fita sai sun tsallake kwata." Ɗayan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban ƙi gaskiyar Alhaji ba, amma a nuna mini inda zan kai ruwan, wallahi yau zan kai shi." Mai unguwa ya yi shiru, domin babu inda zai nuna: gabas gida, yamma gida, kwarin da ruwan yake bi a da an cike shi an sayar. Babu azzalumi a cikin mutanen nan biyu. An zalunce su ne tun ranar da aka kafa turaku.

Sakamakon irin wannan sakaci ba a ɓoye yake ba. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin arewa, har da Sakkwato da Zamfara, su suka fi jin jiki. A 2018 kuma annobar ta ɓarke a Madarumfa ta jihar Maraɗi, domin ƙwayar cuta ba ta san shingen kan iyaka ba. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun mamatan wata unguwa gida-gida har ya gano cewa daga famfo ɗaya suke sha, daga baya aka tarar ramin masai ne a kusa yake tsiyaya cikin rijiyar. Mu kuma muna da ƙarin dalili na gulbi. Ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a Rima yake taruwa, Rima kuma ta zuba a madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato yake dogara da ita wajen ruwan sha. Wanda kuma ya ga ambaliyar Satumba ta 2010, wadda ta cinye ƙauyukan ƙasar Goronyo ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san cewa idan gulbi ya hau, ba ya tambayar wane rami ne rijiya wane ne masai.

Kada a ɗauka ina kira ne a shimfiɗa manyan bututai a ƙarƙashin ƙasa irin na Abuja, waɗanda suke kai ƙazantar birni matatar Wupa. Irin wannan tsari yana bukatar ruwan famfo mai yawa da zai riƙa tura ƙazanta, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kuɗin gyara na kullum. A garin da ake sayen ruwa a jarka, bututun zai toshe kafin shekara ta kewayo. Abin da ya dace da Kurawa da ire-irenta ya fi wannan araha nesa ba kusa ba, kuma mafi tsadar abin da yake bukata shi ne fili da shawara a kan lokaci.

Aikin farko ba na siminti ba ne, na ƙafa ne. A shiga filin da za a yanka a tsakiyar marka, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, tare da manomin da ya gaji gonar da dattawan da suka san iyakar da gulbi ya taɓa kaiwa, a ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Abin da suka nuna, safiyo ya tabbatar da shi da ma'auninsa. Hanyar da ruwa ya zaɓa wa kansa ita za a mayar titi ko babbar magudana, kwarin da yake taruwa kuma a haramta sayar da shi, a bar shi kududdufi, a kewaye shi saboda yara, a dasa masa itatuwa. Sa'an nan a shata layuka masu faɗin da mota ko amalanken shanu za su iya shiga har ƙarshe, a ja lambatu a gefensu da ɗan gangare, gwargwadon saukar taku ɗaya a cikin taku ɗari, domin magudanar da ba ta da gangare tafki ce mai tsawo. Bayan an gama wannan duka ne ya kamata a fara ƙirga fuloti. Na san mai gona zai ga ya yi hasarar fili uku ko huɗu, amma unguwar da ba ta kwana cikin ruwa filinta ya fi daraja.

Game da masai, an daɗe da samun dabaru masu sauƙi da birkilolinmu za su iya koya cikin mako guda. A ƙasar Zimbabuwe, cikin shekarun 1970, aka ƙirƙiro masai mai bututun iska: a sa dogon bututu daga rami ya zarce rufin ɗaki, a rufe bakinsa da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu, iska ta riƙa jan wari sama, ƙudan da ya ƙyanƙyashe a rami kuma ya bi haske ya hau bututun, raga ta tsare shi ya mutu. A Indiya kuma aka yaɗa mai rami biyu, wanda ake kora shi da buta ɗaya ko biyu, abin da ya yi daidai da al'adarmu ta tsarki da ruwa: ana amfani da rami ɗaya har ya cika, a toshe shi a koma ɗayan, kafin shekara biyu abin da ke cikin na farko ya bushe, ƙwayoyin cuta sun mutu, ya zama taki da za a iya kwashewa da shebur a kai gona. A yashi dole a ɗaure bakin rami da bulo don kada ya rufta. A kusa da fadama kuwa a ɗaga ginin sama da ƙasa maimakon a zurfafa shi. Kuma gara a ba mata baki a wannan shawara, tun da su ne suke wuni a gida, su suke wanke yara, su kuma suka fi kowa shan wahala idan babu makewayi sai jiran duhu, a zamanin da fita bayan gari da dare ta zama sayar da rai.

Ruwan wanka da wanki ba ya bukatar fiye da ƙaramin rami a cikin gida, cike da tsakuwa da fasassun bulo, da ɗan akwatin siminti a gabansa mai tare maiƙo da dusa, wanda za a riƙa kwashewa. Masu hali da suke sa masai na zamani kuwa, akwai kuskuren da ya yawaita a cikinsu: a haƙa rami ɗaya mai zurfi, a bar gindinsa buɗe, a kira shi sokawe, a yi alfahari da cewa ba zai taɓa cika ba. Rashin cikarsa na nufin yana juye abin da ke cikinsa a ruwan da unguwa take sha. Sahihin gini shi ne tanki mai ɗaki biyu, shafaffe da siminti ciki da gindi, inda ƙazanta take kwanciya aƙalla yini guda, mai nauyi ya nutse ya ruɓe, sa'an nan ruwan da ya tace ya wuce rami na dabam marar zurfi, ƙasa ta ƙarasa tace shi.

Kowane rami dai ƙarshensa cika, kuma a nan ne tsarinmu ya fi rauni. Masu yasar masai, bayin Allah da suke yi mana aikin da ba ma iyawa kuma muke ƙyamarsu a kansa, sukan shiga rami da dare ba safar hannu ba takalmi, alhali iskar da ke taruwa a ciki tana iya kashe mutum nan take. Abin da suka kwaso kuma, da yake ba a ware musu wuri ba, sai su zuba a kwari mafi kusa. Gari kamar Isa ko Sabon Birni yana bukatar fili guda a bayan gari, nesa da gulbi da rijiyoyi, inda za a yi filayen shanya ƙazanta a kan yashi da tsakuwa, ruwan da ya tsiyaye ya bi ta tafkuna biyu ko uku a jere, rana da iska su yi aikinsu. Zafin ranar da muke kuka da shi a watan Afrilu shi ne injin wannan matata, kuma ba ya neman mai ko lantarki.

Wa zai biya? A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, wani dattijo mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980, inda mazauna kowane lungu suka zaɓi wakili, suka tara kuɗi, suka haƙa magudanar lungunsu da hannunsu bisa zanen masana, hukuma kuma aka bar mata manyan hanyoyin da lunguna suke zubawa a ciki. Da haka talakawa dubu ɗaruruwa suka fita daga cikin kwata. Wannan ba wani abu ba ne face gayya, wadda Bagobiri bai bukaci a koya masa ita ba. Amma gayya tana da iyaka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa gina magudanai da makewayin jama'a da kawar da ƙazanta cikin ayyukan ƙaramar hukuma, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da izinin filaye a wajen birane. Ke nan hannun da yake sa wa takardar fili hatimi yana da ikon cewa ba zai sa ba sai ya ga hanyar ruwa a kan zane. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda shigarsa lungu kaɗai takan sa a share rariya. Magadansa suna nan, ana horar da ma'aikatan lafiya a Gwadabawa, sai dai galibi ana kiransu ne bayan annoba ta sauka, ba ranar yankan fili ba. Kuma kada a ce abin ya fi ƙarfin talakan arewa: a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko a Nijeriya da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili, ita ma kuwa ƙasar yashi ce da fadama kamar tamu.

Na san za a ce mutumin da ya tsero da ransa, ya bar gero a rumbu da kabarin iyayensa, ba shi da sukunin tunanin lambatu, kuma gaskiya ne. Shi ya sa ba a kansa nake ɗora nauyin ba. Ina ɗora shi ne a kan iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwa waɗanda ake yanka filaye da saninsu, da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da limaman da suke karantar da babin tsarki, da masu gonakin da suke sayarwa. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya hore maka abin sayen fili a bana, kada ka biya sai ka je ka tsaya a kansa ranar da aka yi ruwa, ka tambayi mai sayarwa ina kwarin unguwar yake, ina za a kafa burtsatse, kuma taku nawa ne tsakaninsa da masai mafi kusa.